Facin Haƙorin Injiniya

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a layin bayan tasha ya san Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta da farin fenti a jikin wata tsohuwar taya, ya rataye a sandar fitila. Mai faci ne. Yana da rumfar kwano, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da rabin durom na ruwan gwada tub wanda ba a taɓa canzawa ba tun ranar da aka kafa rumfar. Amma duk waɗannan ba su ne abin taƙamarsa ba. Abin taƙamarsa haƙori ne guda, na bayan fiƙa, a ƙasa ta hagu, wanda ya sa wa suna Filaya.

In aka kawo taya da ƙusa a jiki, sauran masu faci filayar ƙarfe suke ɗaukowa. Injiniya kuwa sai ya jira mutane sun ɗan taru, ya ja kumatunsa gefe da yatsa, ya kafa haƙorin nan a kan ƙusar, ya fizge, ya tofa ta cikin gwangwani, ƙwal. Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Kayan aiki na rago ne."

Ana nan ana nan, Filaya ta fara ciwo. Da farko ya ce sanyi ne. Da kumatu ya kumbura ya ce ƙiba ce ta fara masa ta gefe guda. Sai da ta kai ko iska ta ratsa bakinsa sai ya yi kuka kamar akuyar da aka taka wa ƙafa, sannan matarsa ta yafa mayafi ta tasa shi gaba zuwa asibitin haƙori.

Likitar mace ce mai sanyin magana. Ta duba, ta ɗauki hoto, ta ce ruɓa ta kai ga jijiya. Ta yi masa allura, ta huda haƙorin, ta zare jijiyar, ta wanke ramin, ta cike saiwar, ta toshe saman da wani farin abu.

"Wannan cikon na sama na wucin gadi ne," in ji ta. "Haƙorin da aka cire wa jijiya kamar busasshen icce yake. Ba ya ciwo, amma ba ya wuyar tsagewa. Za ka dawo in auna shi, a yi masa hula ta dindindin da za ta riƙe shi. Sannan akwai wata magana. Kana tauna haƙora cikin barci?"

"Ni? Ko juyi ba na yi."

"Yana yi, likita," in ji matar. "Maƙwabta sun taɓa ƙwanƙwasa mana ƙofa suna tambaya ko injin markaɗe muka saya."

"Haƙoran ma sun gaya mini, duk kawunansu sun goge," in ji likita. "Za a yi maka roba daidai bakinka, ka riƙa sawa in za ka kwanta. In ba haka ba, wannan haƙorin zai dare gida biyu. In kuwa ya dare har saiwa, ba abin da zan iya yi masa sai cirewa."

Injiniya ya ce, "In kin sa hular, yaushe zan koma cire ƙusa?"

"Cire me?"

Matar ta yi mata bayani. Likita ta ajiye ɗan madubin da ke hannunta a hankali.

"Malam, ko gefen burodi mai tauri kada ka ci ta nan. Kai da ƙusa kuwa kun yi bankwana."

Suka fito. A hanya matar ta ga yadda yake tafe yana gyaɗa kai shi kaɗai, ta san an shiga uku, don rabon da ta ga irin wannan gyaɗa kan tun ranar da ya ce zai mayar da fankar ɗakinsu injin wanki.

Rumfar Injiniya tana tsakanin shagon Tela da shagon Mai Aski, kuma su biyun ba su da wani gidan kallo da ya wuce shi. Washegari da ya iso, kafin ya kunna inji har sun jawo benci.

"Na kalli aikin likitar nan daga farko har ƙarshe ta cikin gilashin idonta," in ji Injiniya. "Hudawa ta yi, ta kankare, ta shafa, ta like. Ku gaya mini, me nake yi a nan tun safe har yamma?"

"Surutu," in ji Tela.

"Faci. Faci ta yi mini, ni, a gaban matata. Kuma wai hular tangaran za ta sa wa Filaya, irin abin da ake yin kofin shayi da shi. Haƙorin da ya saba hulɗa da ƙusar kafinta. Hular ƙarfe zan yi mata da hannuna, in yi robar dare da hannuna, kuma ta koma bakin aiki a kan idonku."

"Ita likitar ta yi karatun abin fa," in ji Mai Aski.

"Ni ma na yi karatun rami. Rami ai rami ne, ko a taya ko a baki."

Ƙa'idar masu faci ita ce ba a like tub sai an san inda yake shan iska. Don haka Injiniya ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban durom. Ya ce zai cika baki da iska ya tsoma kai, su kuma su zuba ido su ga ta inda kumfa za ta fito.

Ya kumbura kumatu, ya nutsa kai cikin baƙin ruwan nan. Kumfa ta taso, ɓul ɓul ɓul.

"Ta ina?" ya tambaya da ya ɗago, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Ta hanci," in ji Tela.

"Wannan tsohon rami ne, da shi aka haife ni. Ku toshe."

Mai Aski ya ɗauko maƙalin da yake kama tawul a wuyan masu aski ya matse masa hanci. Aka sake. Wannan karon Injiniya ya ce su danna masa kai sosai, don tub mai iska ba ya nutsewa da kansa. Suka danna, ɗaya ta ƙeya ɗaya ta kafaɗa, da zuciya ɗaya.

Daidai lokacin wata dattijuwa ta iso tana gangaro tayar baron ɗanta. Ta ga ƙarti biyu sun danne mutum cikin ruwa, ƙafafunsa na shure-shure. Ba ta tsaya tambaya ba. Ta saki taya, ta cire takalmi, ta rufe Tela da duka tana kiran jama'a su zo ana kisan kai da rana tsaka. Kafin a fahimtar da ita, Tela ya sha takalmi a ƙeya, Mai Aski ya sha a kunne, rabin 'yan tasha sun taru, Injiniya kuma ya sha ruwan durom abin da ya kai kofi.

"Iya, gwaji muke yi," in ji shi yana tari. "Haƙorina muke dubawa ko yana shan iska."

Dattijuwar ta dube shi daga sama har ƙasa, ta mayar da takalminta.

"To ku ƙara danna shi," in ji ta. "Ba a haƙori ramin yake ba."

Da taro ya watse, Injiniya ya bayyana cewa gwaji ya yi kyau, Filaya ba ta shan iska, saura hula. Ya zazzage gwangwanin murfin bawul, wato murfin bakin hura taya, a kan benci, ya sa Mai Aski ya riƙe masa madubi, ya shiga gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Na keke ya yi ƙanƙanta. Na roba ya taune a cizon farko. Sai ya ci karo da na babbar mota, na tagulla, mai sheƙi. Ya kifa shi a kan Filaya.

"Kun gani? Kamar don ita aka ƙera."

"Ya fi sauran haƙoran tsawo," in ji Mai Aski.

"Shugaba ai ba ya yin kai ɗaya da talakawa."

Kowane mai faci ya san ba a shafa solushan, gam ɗin faci, sai an kankare wurin. Injiniya ya yago samfefa ya shiga gurzar haƙorin. Farin cikon likita ya fara zubowa kamar garin alli.

"Ba ya ciwo?" in ji Tela, yana yamutsa fuska.

"Ko kaɗan. Ka ga alamar lafiya."

"Alamar gawa dai. Gawa ma ba ta jin ciwo."

Ya shafa solushan da ɗan yatsa. Solushan kuwa sai ya sha iska kafin a like, don haka ya zauna baki buɗe, Mai Aski na yi masa fifita da kwali, Tela na korar ƙudaje. Wani mai babur ya zo a sa wa tayarsa iska, ya tsaya ya leƙa cikin bakin, ya tambaya ko a nan ake saka tiyo. Daga bisani aka kifa murfin, Injiniya ya danna da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa da bayan sukundireba, ya ce an gama.

Matsala ɗaya ce kawai, bakin ya ƙi rufuwa. Haƙoran sama suka sauka a kan tagulla suka tsaya nan, sauran duk suna kallon juna daga nesa. Maganarsa ta koma kamar ta mai riƙe da dankali mai zafi a baki, yawu kuma ya samu hanya ta gefen hagu.

A gida matar ta dube shi ta ce, "Baban yara, mene ne wannan yake walƙiya a bakinka?"

Ya ce ilimi ne.

"Asibiti sun kira wayata, sun ce ka je a auna ka."

Ya ce ta gaya musu an riga an auna.

Ta zuba masa shayi. Ya kurɓa da zafinsa don ya nuna mata Filaya ba ta tsoron komai. Solushan na roba ne, bai san tagulla ba, bai kuma san shayi ba. Injiniya ya haɗiye kurɓi na biyu, idanunsa suka fito. Ya laluba da harshe. Ba murfi.

Da safe labari ya riga shi zuwa rumfa.

"Ina hular?" in ji Tela.

"Tana ajiye a wuri mai kyau."

"Ko ba komai yanzu cikinka ba zai sace ba," in ji Mai Aski. "An rufe bawul."

Injiniya ya ce laifin gam ne, ba na injiniya ba. Ya samo wani murfin tagulla, ya samo gam mai haɗi biyu, irin wanda ake like tankin ruwan mota da shi, ya kwaɓa a kan marfin kwalba ya dankara. Wannan karon hular ta zauna daram. Sai ya juya ga maganar dare.

Ya yanko tub ɗin keke, ya yi masa siffar kofaton doki, ya wanke da ruwan durom don tsabta. Da zai kwanta ya cusa a baki.

Washegari matar ce ta rako shi har rumfa, idanunta jajur, don ta ce sai ta ba da shaida da bakinta.

"A da markaɗe yake yi, na saba, ina barcina. Jiya kuwa ƙiiƙi, ƙiiƙi, kamar mutum yana yawo da sabon takalmi a kan kaina har gari ya waye. Ku dubi bakinsa."

Suka duba. Leɓɓa baƙi, harshe baƙi, haƙora baƙi, tagulla kaɗai ke haske a ciki kamar fitila a rijiya.

"Ina robar?" in ji Tela.

"Rabi na kan matashi," in ji matar. "Ɗaya rabin ya bi murfi."

"Saura ƙafa da sarƙa, ka haɗa keke a ciki," in ji Mai Aski.

Injiniya ya ce tub ɗin keke na yara ne, bai dace da muƙamuƙin namiji ba. Ya yanko gefen tayar babbar mota, mai kaurin tafin hannu, da zaren waya a ciki. Wannan bai taunu ba, gaskiya. Amma ya tashi da zanen taya kwance a dasashinsa, waya ta tsaga masa leɓe, muƙamuƙinsa ya yi tsami kamar wanda ya kwana yana jan mota da baki. Ya kuma gaya wa abokansa, cikin jin daɗi, cewa gab da farkawa ya ji Filaya ta yi wata ƙara, ƙas.

Mai Aski ya ja masa kumatu ya leƙa.

"Akwai wani layi a ƙasan hular. Siriri, daga sama zuwa dasashi."

"Zama take yi. Sabon gini ma yana yin haka."

"Injiniya," in ji Tela, kuma wannan karon ba dariya a muryarsa, "ka koma wurin likitar nan tun haƙorin yana gida ɗaya."

"In koma in ce mata me? In ce na kasa faci?"

A ranar ya zauna ya yi tunani mai zurfi, har ya like wa wani mutum tub a inda ba rami. Da yamma ya sanar da cewa ya gano bakin zaren. Tauna ba ta yiwuwa sai sama ya haɗu da ƙasa. In mota ta kwanta a kan taya, me ake yi? Jak ake sa mata. Ya fafe wani guntun katako, ya yi masa gindi da kai, ya ce da zai kwanta zai kafa shi tsakanin haƙoran dama, baki ya kwana a ɗage.

Bakin ya kwana a ɗage. Da safe aka cire jak, bakin bai samu labari ba. Ya ci gaba da zama a ɗage.

Haka matar ta riƙo hannunsa suka biyo layi, shi baki wangame kamar mai shirin yin hamma tun jiya. Masu gaishe shi suna jiran amsa, sai su ji "aaa." Wata mai shara ta ce masa ya rufe, ƙura za ta tashi. Ya ce "aaa." Ta ce ba ta son rashin kunya da sassafe.

Tela ya tausaya masa. Ya ɗauko ƙyallen atamfa mai furanni, ya ɗinka ɗan labule da roba mai zagaya kunne, ya rataya masa a kan baki, har da ɗan tattara a sama don kyau. Mai Aski kuma ya ce wannan aikinsa ne. Ya jiƙa tawul da ruwan zafi ya naɗe masa fuska, ya ɗage labule, ya zura manyan yatsunsa biyu cikin bakin ya shiga murza muƙamuƙi yana cewa, "Saki jikinka, saki jikinka."

Muƙamuƙi ya saki gaba ɗaya, lokaci guda. Tagulla ta sauka a kan babban yatsan Mai Aski.

Ranar ba a yi aski a layin ba. Mai Aski ya wuni da yatsa naɗe da tsumma, yana nuna wa duk mai wucewa zanen murfin bawul a farcensa.

Injiniya kuwa ya ɗauki wannan a matsayin shaida. Haƙorin da ya huda farce, me zai hana shi ƙusa? Sai dai a 'yan kwanakin, duk tayar da aka kawo da ƙusa, sai ya gangara da ita bayan rumfa ya dawo da ƙusar a hannu. Tela, wanda tagarsa ke kallon bayan rumfar, ya bari sai da mutane suka cika benci sannan ya ce:

"Injiniya, jiya na ga wani rago a bayan rumfarka da filayar ƙarfe. Kama ɗaya da kai."

Benci ya ɗauki dariya. Injiniya ya miƙe, ya buga ƙirji, ya ce gobe duk ƙusar da ta fara shigowa layin nan, komai girmanta, Filaya ce za ta cire ta, a gaban kowa, kuma wanda bai zo ba kada ya ce ba a gaya masa ba.

Da safe ya lura hular tana ɗan motsi. Ya kwaɓa gam mai haɗi biyu, wannan karon da yawa, ya dankara ciki da waje da kewaye, har ya taru kamar kakin zuma. Gam ɗin yana son a ba shi lokaci ya bushe. Amma ko hannu bai gama gogewa ba, sai ga tirela ta shigo layin tana huci, shaƙe da kaya, ta tsaya a gaban rumfa. Direban ya diro, wani ƙato mai tawul a wuya.

"Mai faci, ƙusa na taka a tayar baya, tana shan iska a hankali. Yi sauri, ana jirana."

Kafin ya rufe baki layi ya cika. 'Yan tasha, masu shaguna, masu jiran mota, har dattijuwar nan mai takalmi ta samu wuri a gaba. Ƙusar kuwa ba ƙusa ba ce ta wasa. Kanta kaɗai ya kai faɗin maɓallin riga.

"A kwance tayar?" in ji direba.

"Ba sai an kwance ba," in ji Injiniya. "Ka tsaya ka ga abin da za ka ba jikokinka labari."

Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta a gefen tayar, ya ja kumatu da yatsa, ya kafa tagulla a kan ƙusar, ya danna fuska sosai don ya samu kamu. Ya ja. Ƙusa ba ta motsa ba. Ya ƙara dannawa, ya tsaya yana tara ƙarfi, jama'a na jira. Tayar ta sha hanya, da zafinta, gam kuwa ba abin da yake so kamar zafi.

"Ya dai?" in ji direba. "Cirewa kake ko sumbata?"

Injiniya ya yi ƙoƙarin ɗago kai ya ba shi amsa. Kai ya ƙi ɗagowa. Hula ta kama ƙusa, gam ya kama taya, gashin baki ma ya shiga cikin yarjejeniyar.

"Mmm," in ji Injiniya, yana dukan taya da tafin hannu.

"Yana cewa a ƙara masa lokaci," in ji Tela.

"Mmm, mmm."

"A'a, yana cewa ya kusa," in ji Mai Aski.

Sai da ya fara shure-shure sannan aka gane. Wani ya ce a zuba ruwan zafi. Wani ya ce fetur. Wani ya ce a kwance tayar a tafi da su asibiti tare. Dattijuwa ta ce a bar shi a nan, ya fi amfani. Mai Aski ya ɗauko almakashi ya rarrafa ya yanke gashin bakin, aka samu ci gaba kaɗan, amma haƙori na nan inda yake.

Direba ya dubi rana, ya dubi kayansa, ya ce, "Ni fa tafiya zan yi. In zai bi ni, ya riƙa ɗaga ƙafa in mun zo kwana."

Jin haka Tela ya kama ƙafar dama, Mai Aski ya kama ta hagu da hannunsa mai lafiya, 'yan tasha biyu suka kama ƙugunsu. Aka ja. Takalmi ya fita. Aka sake kamawa, aka ja da ƙarfi.

Ƙarar ba ta da yawa. Ɗan ƙas ne kawai, kamar an karya tsinken ashana. Mutum biyar suka zube a ƙasa, Injiniya a samansu.

Ya tashi zaune, ya kai harshe gefen hagu. Harshe ya wuce salin alin, bai gamu da kowa ba sai wani ɗan tsini a dasashi. Kowa ya juya ya dubi tayar. Ga murfin tagulla can manne a kan ƙusa, gam ya zagaye shi, rabin Filaya na ciki.

Direba ya durƙusa, ya kasa kunne. Ya tofa yawu a yatsa ya shafa a kewayen wurin, ya jira. Ba kumfa. Ya ƙara shafawa. Shiru.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ta daina sha."

Ya sa aka ƙara wa tayar iska, ya buga ta da ƙafa, ya haye mota.

"Tsaya, haƙorina," in ji Injiniya, yana dafe da kumatu.

"In na cire, iska za ta fita. Aikinka ya yi kyau, mai faci, zan turo maka abokaina."

Tirela ta ja. Jama'a suka tsaya suna kallon ɗan hasken tagulla yana zagayawa, ya hau sama ya sauko, ya hau sama ya sauko, ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan kwalta, har motar ta sha kwana.

A nan matar ta iso, don labari ya kai mata har gida. Ta ratsa taro, ta kama haɓarsa, ta buɗe bakin ta leƙa.

"Baban yara, ina haƙorin?"

Injiniya ya tofar da jini, ya gyara tsayuwa, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Maganarsa ta fito da ɗan fito ta sabon gurbin.

"Ya tafi aiki. Duk cikinku wa yake da haƙorin da ke riƙe da tirela, da kaya a kai?"

"Allah dai ya sa direban ba mai tafiyar dare ba ne," in ji Tela. "In duhu ya yi Filaya za ta cinye masa tayar."

"Wuce mu je a cire sauran," in ji matar. "Kuma da bakinka za ka yi wa likita bayani, ni ba ruwana."

Sun fara tafiya ke nan sai ga wani mai babur ya turo babur ɗinsa, ƙusa tsaye a tayar gaba. Ya tambaya ina mai facin nan da ake cewa yana cire ƙusa da haƙori. Injiniya ya tsaya. Aka ga harshensa yana yawo cikin baki, ya bar hagu, ya tsallaka dama, ya tsaya a wani wuri yana lalube. Fuskarsa ta washe.

"Kawo ta nan," in ji shi, yana kai yatsa ga kumatun dama. "Filaya tana da ƙanwa."

Matar ta juyo. Kunnensa ta kama, na daman, ta ja shi har bakin titi.